Furar Malam Ja'e

Ranar da aka kawo ku koyon aiki a ɗakin leƙen ciki, na ji ɗayanku yana raɗa wa na kusa da shi cewa, "Ashe aikin kallon talabijin ne." Lokacin hannuwana suna cikin baho. Yanzu na samu sarari, ga amsa a rubuce. Ku karanta daga sama zuwa ƙasa, kada ku tsallake.

Sunana Sabi'u, mutumin Bebeji. Karatuna bai yi nisa ba. Da shara na fara a wani asibiti a birni, daga shara na koma tura gadon marasa lafiya, daga nan aka sa ni kai ruwa ɗakin leƙen ciki. A can na haɗu da Baba Tanimu, wanda ya koya mini aiki. Allah ya jiƙansa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne ɗaukar mataccen tiyo. Wani tsohon abin leƙe ne da ya lalace tun kafin in zo. Ya ce in sauke shi daga marataya in kai tebur. Na naɗe shi a hannu kamar igiyar guga. Ya ce, "Ajiye. Ka kashe shi." Na ce, "Baba, ai matacce ne." Ya ce, "Ka ƙara kashe shi." Haka na yi ta ɗauka ina mayarwa, kai a hannun hagu, baki a hannun dama, tsakiya a sake ba a lanƙwashe ba, har damina ta wuce, kafin ya bar ni in taɓa mai rai.

Ga abin da muke kira tiyo. Baƙi ne, kaurinsa kamar babban yatsa, tsawonsa ya kusa tsawon mutum. A bakinsa akwai ido, akwai fitila, akwai kuma wata 'yar kafa. Kafar nan hanya ce da ta ratsa shi tun daga baki har kai, mu muna ce mata maƙogwaro. Ta nan ake zuƙe ƙazanta, ta nan ake tura ruwan wanki, ta nan kuma ake zura hantsaki, wato doguwar waya mai ɗan baki kamar na tsako, wadda ake gutsuro tsoka da ita. Likita yana riƙe da kan tiyo, idonsa a talabijin. Maƙogwaro da hantsaki da kwalbar ajiye tsoka namu ne. In maƙogwaro ya toshe, likita makaho ne ko da fitila na ci.

Wankin farko da na yi ni kaɗai, Baba Tanimu yana zaune yana tauna goro har na gama. Sannan ya ce in sake, don na sa buroshi kafin in gwada yoyo. Tsarin shi ne: da an zaro tiyo, a goge shi a bakin gado, a zuƙa ruwa tun ƙazanta ba ta bushe ba. Sannan a hura masa iska a nutsa shi a baho a zuba ido, kamar mai faci yana neman huji. In kumfa ta taso, an tsaya. In ba ta taso ba, sai buroshi a maƙogwaro har ya fito fes, sai sabulu, sai ɗauraya, sai jiƙawa a magani har lokacinsa ya cika, sai ɗauraya kuma, sai busarwa, sai rataya a tsaye. Wanda ya gaji ya rage ɗaya, ya ɗebi ciwon wani ya zuba wa wani.

Da aka buɗe wannan asibiti a gefen hanyar Zariya, sai na dawo kusa da gida. Masu zuwa mana manoma ne daga Kiru, 'yan kasuwar Tudun Wada, da makiyaya daga bayan Doguwa. Yawancinsu gyambon ciki ne ko basir. Kowa da halinsa. Wani mai sayar da albasa ya taɓa matsawa sai an nuna masa hoton cikinsa, da ya gani ya ce ba nasa ba ne, na wanda aka leƙa kafinsa ne ba mu goge ba. Amma abin da ya fi ba mu aiki shi ne kunya. Leƙe ta baki kowa yana yarda. Leƙe ta ƙasa kuwa, sai ka ga dattijo ya ɗauki hularsa ya ce zai je ya yi alwala, ba ka sake ganinsa.

Akwai wani ciwo da dole ku san shi. Likitoci suna ce masa limfoma, ni ina ce wa mutane dajin kaluluwa. Kun san kaluluwa a wuya ko a hammata. To, irin wannan tsoka akwai ta a jikin hanji ma, musamman a ƙasan ciki ta dama, inda ƙaramin hanji ya shiga babba. In daji ya kama ta a nan, shigar burtu yake yi. Mutum yana ramewa, ga zazzaɓi, ga gumi cikin barci, ga ciwon ciki da ƙullutu a gefen dama. Tarin fuka na hanji ma haka yake yi, kuma shi aka fi sabawa da shi a wajenmu, shi ya sa ake fara zarginsa. Ko an leƙa, ido kaɗai ba ya raba su. Sai an gutsuro tsoka an aika birni an duba. Tsokar kuwa ba ta sama ba, don wannan ciwo a ƙarƙashi yake kwanciya, samansa sau da yawa mataccen nama ne. Wanda ya gutsuro sama ya aika da banza. Maganinsu kuma daban ne. Mai dajin kaluluwa da ake ba maganin tarin fuka, sha kawai yake yi yana ƙarewa, alhali in an gane ciwon yakan ji magani.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ta faro ne daga baho. Muna da dogon tiyo biyu. Wata rana na nutsa ɗaya, sai ga kumfa a jere daga wuyansa. Aka aika gyara, bai dawo ba har shekara ta juyo. Bayan nan injin da ke fesa ruwan wanki ya ƙone a wata dawowar wuta. Likitan da ke zuwa mana daga birni, wanda shi kaɗai ya iya leƙen, ya rage zuwa, kuma ya riga ya gaya mana zai tafi ƙarin karatu ƙasar waje a tsakiyar damina, ba a san wanda zai maye gurbinsa ba. Ruwa ya yi yawa, hanyoyin bayan Doguwa suka lalace. A cikin wannan hali Malam Ja'e ya zo.

Bafillace ne daga wata ruga a gindin duwatsu, makiyayi kuma manomi, ya haura hamsin. Wansa Malam Manu ne ya kawo shi, ya ɗaure shi a bayansa da rawani a kan babur don kada ya faɗi. Dogo ne, amma ya ƙare, sai da ya ninka ƙugun wandonsa. Watanni yana shan maganin tarin fuka, mai mai da fitsari ja, bai taɓa tsallakewa ba, yana kuma ƙara ramewa. Likita ya danna ƙasan cikinsa ta dama ya ji ƙullutu kamar ƙwan agwagwa. Ya ce sai an leƙa an gutsuro. Ya bar mini bayani, ya fita.

Ja'e ya dubi tiyon da ke rataye, ya dube ni, ya kira ni yadda Fulani suke kiran Bahaushe.

"Kaɗo, ta ina yake shiga?"

Na gaya masa. Malam Manu ya miƙe ya fita waje, don wa ba ya sauraron irin wannan a kan ƙanensa.

Na ce, "Malam, ga yadda ake yi. Akwai wando mai tsaga a baya, akwai mayafi a kansa. Sista tana wajen kanka, ba ta waiwaye. Ana yi maka allura, jiki ya mutu. Ni da Likita kaɗai ne a ƙasa, idonmu kuma a talabijin yake."

"Kai an taɓa yi maka?"

"Ba a taɓa ba."

"Shi ya sa bakinka ke gudu."

Ya sake duban tiyon. Sannan ya ce, "Sau ɗaya. In kun ga abin da kuke nema, alhamdu lillahi. In ba ku gani ba, ku bar ni in kai wa Allah kayansa. Ba na kwanciya sau biyu."

Na san irin mutanen nan. Abin da ya faɗa ya faɗa.

Sista Rakiya, wadda ke kula da allura da numfashi, ta ba Malam Manu garin maganin wankin ciki. Ta gaya masa abin da ake gaya wa kowa a duk inda na yi aiki: ana gobe leƙe kada ya ci komai, ya sha maganin, ya yi ta shan abu mai ruwa. Malam Manu ya maimaita daidai. Muka so mu kwantar da Ja'e a nan, ya ce ba zai yi zawo a gidan mutane ba. Aka sa musu ranar zuwan Likita na ƙarshe, suka tafi.

Ranar suka iso da hantsi, laka har gwiwa, sun tura babur a rafi. Na yi masa tambayoyi bi da bi.

"Ka sha maganin?"

"Na shanye."

"Ya yi aiki?"

"Tambayi ƙafafuna."

"Ka ci wani abu tun jiya?"

"Ban ci komai ba."

"Na ƙarshen da ka zaga, yaya launinsa?"

Ya juya fuska bango. Malam Manu daga bakin ƙofa ya ce, "Malam Sabi'u, ba a tambayar babba wannan."

Aka kwantar da shi ta gefen hagu, Sista ta yi allura, tiyo ya shiga. Farkon hanya ba laifi. Da muka sha kwanar farko sai talabijin ya yi fari. Hanjin da ya wanku ja-ja ne kamar cikin kumatu, har jijiyoyinsa ana gani. Wannan kuwa kamar an shafe shi da farar ƙasa, ga tsaki-tsaki manne a ko'ina, ga wani ruwa mai kauri kwance a kowane lungu.

Likita ya ce, "Sabi'u, mene ne wannan?"

"Gero ne, Likita."

"Ai ya ce bai ci ba."

"Haka ya ce."

Sista ba za ta iya barin kan mara lafiya ba, sai ta ɗaga murya ta bayan ƙofa. "Malam Manu, me ya shiga cikinsa jiya?"

"Ba komai, Sista. Yadda kuka ce."

"Me ya sha?"

"Fura. Ai kun ce ya yi ta sha."

"Da nono?"

"To, da me ake shan fura?"

"Yaushe ne na ƙarshe?"

"Da asuba matarsa ta dama masa, ta ce ba zai hau babur ciki wayam ba. Amma ta tsinka ta sosai."

Ba wanda ya yi ƙarya. Da Hausa ba a cin fura, sha ake yi. Mutumin ya bi umarni kamar yadda ya ji shi, matarsa kuma ta ga mijinta ya yini yana zawo, ta yi abin da kowace mace za ta yi. Maganin yana wankewa ta ƙasa, fura tana cikewa ta sama.

Likita ya tsayar da hannu. Ya ce, "Da a birni ne da na zare. A sake wanki, a dawo."

Na ce, "Ya ce sau ɗaya."

"Na ji, ina bayan ƙofa lokacin." Ya dubi talabijin. "Ko ya yarda ma, hanjin ya tsuke a can ciki, ba na son a sake ɗura masa wannan magani. Kuma wa zai leƙa? Ni ina hanya."

Sista ta ce, "Likita, ka ji nawa. Cikinsa ba wayam ba ne. Ba zan ƙara masa allura ba. In ya yi amai cikin barci, huhu zai tafi. Wadda na yi masa ita ke nan. In ta sake shi, ta sake shi."

Ga yadda lamarin ya tsaya, ku lura. In mun zare, mutumin ya koma ruga da maganin da ba na ciwonsa ba, ba zai dawo ba. In mun ci gaba, sai mun wanke hanjin da hannu tun daga nan har can ƙarshe, kafin allura ta sake shi, ta maƙogwaron tiyo ɗaya tilo da ya rage mana, ga mutane a benci suna jiran shi.

Likita ya ce, "Maƙogwaron zai ɗauka?"

"Ban sani ba, Likita. Dusar gero ba ta narkewa. Ni zan tura, kai ka zuƙa daga gefe, ka bar inda ta taru."

"Bismillah."

Da yake inji ya ƙone, babban sirinji ne aikin. In ɗebo ruwan ɗumi daga roba, in sa a bakin maƙogwaro, in danna da ƙarfi, bango ya ɗan buɗe, Likita ya zuƙe, ya matsa gaba kamar taƙi. Sai in sake. Abin da nake saurare shi ne injin zuƙa. In yana aiki, kurɓa yake yi kamar saniya a bakin kwatarniya. In ya toshe, sai ya koma wani siririn kuka.

Toshewar farko ta zo kafin mu yi nisa. Ita ma da tsarinta. Ana fara tura ruwa da ƙarfi. In bai wuce ba, a tura iska. In bai wuce ba, a cire maɓallin zuƙa a wanke shi. In duk bai yi ba, sai buroshi, tiyo yana cikin mutum. Ta farko ruwa ya kore ta. Ta bayanta sai da na cire maɓalli, na same shi cike da dusa kamar rariya. Babban yatsana ya gaji, na koma dannawa da tafin hannu. Robar ruwa ta ƙare, Sista ta turo mini wata da ƙafa.

A kwanar da ke ƙarƙashin hanta ya toshe gaba ɗaya. Ruwa ya ƙi, iska ta ƙi, maɓalli fes. Na zura buroshi, ya tafi ya tafi, ya tsaya cak dab da baki. A daidai nan Ja'e ya motsa ƙafa.

Sista ta ce, "Yana dawowa."

Likita ya ce, "Tura, Sabi'u."

"In na tura a lanƙwashe zai yage daga ciki."

Maƙogwaro in ya yage, tiyo ya mutu. Likita ya san wannan kamar yadda na sani. Ya ce, "In na miƙar da bakin, zan sulluɓo baya. Kwanar nan da ƙyar na sha ta."

"Haka ne."

Ya miƙar. Muna kallo hanji ya ja da baya, abin da muka wanke da gumi ya wuce mu. Na juya buroshi a hankali, na ɗan ja, na ɗan tura. Sai ga shi ya leƙo a talabijin, da curin dusa a gabansa kamar ƙwayar wake. Inji ya koma kurɓa. Likita ya sake neman kwanar, Sista ta miƙo hannu ɗaya ta danna masa ciki ta saman mayafi, fuskarta a wajen kai, har ya wuce.

Ja'e ya buɗe ido. Ya ce, "Hamma." Wansa yake kira. Sista ta ce, "Yana waje, Baffa. Yi numfashi ta baki." Ya gane inda yake. Na ga hannunsa ya damƙe ƙarfen gado.

"Kaɗo, kun gama?"

"Saura kaɗan, Malam."

"Ƙarya kake."

"Da saura, Malam. Amma mun kusa wurin."

"To ku yi."

Salati ya kama yi ƙasa-ƙasa, gumi yana bin wuyansa.

Muka isa. Inda ƙaramin hanji ya shiga babba ya kumbura ya zagaye kamar bakin tulu, a tsakiya ga gyambo mai faɗi, ƙasansa toka-toka, gefensa mai kauri. Dusa ta manne masa kamar an barbaɗa. Na wanke har sai da Likita ya ce ya isa. Na zura hantsaki.

A nan kalma biyu ce tsakanina da likita. Ya ce "buɗe," in buɗe. Ya ce "rufe," in rufe. Amma rufewa ba damƙa ba ce. Wannan tsoka tana da saurin murƙushewa, in ka matse da ƙarfi mai dubawa a birni ba zai ga komai ba sai dameji. Ana rufewa a hankali, a ja da sauri, a zaro, a karkaɗe a cikin ruwan kwalba nan take, a duba.

Ta farko ta watse a kwalba kamar dagwalo. Mataccen nama. Ta bayanta dusa ce zalla, na cire. Likita ya koma gefen gyambo, muka samu 'yan ƙanana, jajaye, masu yawo a ruwa. Na ce, "Na sama ne, Likita." Ya ce ya sani.

Hanyar da ta rage ita ce a koma ramin da aka riga aka gutsura, a ƙara cizo a cikinsa don a kai ƙasa. Amma wannan ciwo yana cinye bangon hanji, wani wurin bai fi takarda ba. In hantsaki ya huda, ga hanji cike da fura da ƙazanta, duk a cikin mutum za ta zube, kuma ba mu da mai fiɗa kusa.

Sista ta ce, "Jininsa yana sauka. Ku yanke shawara."

Likita ya sa bakin hantsaki a ramin, a rufe, ya ɗan danna. Ya ce, "Me kake ji a hannunka?"

Wayar tana kawo labari ga wanda ya saba riƙe ta. Na ce, "Akwai nama a ƙasa. Bai lotsa ba."

"Ni ma haka nake gani. Buɗe."

Na buɗe.

"Rufe."

Na rufe. Ya ja. Bango ya biyo hantsaki ya yi tsini kamar ba zai saki ba, sannan ya saki. Jini ya rufe talabijin. Na zaro hantsaki na karkaɗe a kwalba ban ko duba ba, na koma sirinji. Na tura ruwa, ja. Na sake, ja. Ja'e yana ta salati. Abin da muke nema shi ne baƙin rami, wanda ke nuna an huda. Na sake turawa. Jinin ya koma siriri, ya tsaya. Ƙasan ramin fari ne, a rufe.

Sai lokacin na ɗaga kwalba. Tsokar tana kwance a gindi, ba ta yawo, fara mai ƙwari kamar tsokar kifi.

Likita ya ce, "Muna fita." Ya zuƙe iska yana janyewa a hankali.

Muka riƙe Ja'e, Likita yana zuwa yana taɓa cikinsa, don huda wani lokacin sai daga baya take nuna kanta. Ciki ya tsaya da laushi. Da na je karɓar wandon asibiti, ya ce, bai kalle ni ba, "Kun samu?"

"Mun samu abin aikawa. Ko zai yi magana, sai an duba."

"In bai yi ba?"

"Sai yadda ka ce."

"Na riga na ce."

Tiyo kuwa, na yi ta sa buroshi yana fitowa da dusa har mutanen benci suka fara ƙorafi. Ban rage ko ɗaya daga cikin tsari ba. Gwajin yoyo na yi shi a wurinsa, na sake yin sa bayan buroshi, abin da ba a saba ba. Kumfa ba ta taso ba. Likita ya leƙa sauran mutane, ya tafi da kwalbar a motarsa.

Sakamako ya zo bayan ya bar ƙasar. Mai dubawa ya ce yawancin abin da muka aika mataccen nama ne da fatar sama, babu abin karantawa a ciki. Guda ɗaya ce ta yi magana, ta ƙasan nan. Dajin kaluluwa ne. Aka tsayar da maganin tarin fuka, aka tura shi babban asibiti a birni. Ya sha wuya a can, gashinsa ya zube. Da rani na haɗu da Malam Manu a kasuwar Tudun Wada, ya ce Ja'e ya dawo gida, bai koma yadda yake ba, amma yana bin shanu kusa da ruga. Ya ce bayan an gama magani likitocin birni sun so su sake leƙawa su tabbatar. Ja'e ya ce su je su tambayi Kaɗon hanyar Zariya abin da ya gaya masa. Sai hoto suka yi masa.

Tun daga wannan shekara, a ɗakin nan ba mu cewa "ci," ba mu cewa "sha." Kofin gilashin da kuke gani a kan taga ba na shayi ba ne. Ana zuba ruwa a ciki, a sa yatsa a bayansa, a ce wa mutum: abin da in ka zuba a nan kana hango yatsanka, shi kaɗai zai wuce maƙogwaronka. Sannan a kira abubuwa da sunansu: ba fura, ba nono, ba kunu, ba koko, ba fate, ba rake, ba mangwaro, ba goro. Sannan a tambayi wa ke dama masa a gida, a ce a gaya mata ita ma. In kunya ta hana shi faɗin launin abin da ya zaga, a fitar da 'yan'uwansa, a nuna masa ruwan kofi, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Duk wannan kafin allura.

Jiya ɗayanku ya turo mini wani tsoho daga Kiru, ya ce an tambaye shi, bai ci komai ba. Na leƙa buhunsa na ga gorar kunun zaƙi saura rabi. Allah ya sa bai kwanta ba tukuna, na mai da shi gida. Wanda ya yi tambayar ya san kansa. Tsohon zai dawo mako mai zuwa. Kai za ka yi masa bayani, kofi a hannunka, ina tsaye. Shi ma ban san sau nawa zai yarda ya kwanta ba.